Ku Tambayi Anti: Walimar kallon sakamakon zaɓe, me zan dafa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema, maigidana ne yace in zaɓe yazo abokansa da 'yan'uwa a gidanmu zasu taru kallon sakamako, ni kuma na gani a TikTok yadda 'yan Amurka suke yi, komai na ci da sha kalar jam'iyya, ja da shuɗi, abin ya burgeni wallahi. To ina so in yi irinsa da namu abincin, sai dai shi maigida ɗan jar hula ne, yayana kuma ɗan tsintsiya ne na ƙin ƙari. Ya zanyi? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ɗora tukunya ki tambayi maigidan wane dare yake nufi. Su can Amurka ranar Talata suke zaɓe a watan Nuwamba, gidajen talabijin suna kawo sakamakon jiha jiha a daren, shi yasa walimar take musu daidai, kuma ko su ɗin a 2020 sai ranar Asabar aka san wanda yaci. Mu nan fa? A 2023 ranar Asabar 25 ga Fabrairu aka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa, amma sai asubahin Laraba 1 ga Maris INEC ta bayyana wanda yayi nasara. A 2019 ma mutane sun gama shiri, wasu sun tafi garuruwansu, cikin dare aka ɗage zaɓen da sati guda, balle ke 'yar Kano ai baki manta inkonkulusib ba, lokacin da aka ce zaɓen gwamna na shekarar bai kammalu ba sai da aka sake a wasu rumfuna. In kika soya kaji ranar Asabar to kuwa zasu ƙare ana kallon furofesoshin da ke tattara sakamako basu ma fara karanto alƙaluma ba.

Don haka ki bar babban girki zuwa daren da aka fara tattara sakamakon jihohi a Abuja, ko daren Lahadi in na gwamna ne. Ranar zaɓen kanta ma ana hana zirga zirgar ababen hawa har yamma, kasuwa ba lallai ta ci ba, cefanenki ya kammala tun Alhamis ko Juma'a, da man janareta da batirin rediyo, ki kuma ajiye tsabar kuɗi a hannu saboda mai tsire ba kullum taransifa take shigar masa ba.

Maganar kalar jam'iyya kuwa gaskiya ban goyi baya ba. Ki duba fa, kin jera zoɓo jajir a jog ga kwandon lemo da ayaba irin tambarin jam'iyyar 'yan jar hula a zaɓen 2023 a tsakiyar falo, yayanki yana shigowa zai ce kin ɗauki ɓangare tun kafin ya zauna, tsintsiya kuma ba'a cinta balle ki rama masa. Wasa ne da farko, amma in ƙarfe biyun dare tayi an karanto jihar da wani ya sha kaye, wasan nan yakan koma gaba, ke kuma da zaki zauna da miji da ɗan'uwa duka ke zaki kwana a ciki. In ado kike so ga kalar tuta nan, kore fari kore, kuma abincinmu kamar don ita aka yi shi: tuwon shinkafa a tsakiya miyar kuka ko ta zogale gefe da gefe, ko waina da kwaɗon zogale, ko farar shinkafa da latas da kokwamba. Abin sha kunun aya ko fura da nono, sai dai kunun aya baya jure zafi, in babu wuta ko ƙanƙara nan da nan zaiyi tsami, ki haɗa kaɗan kaɗan. Zoɓon ma kiyi abinki, kawai kar a raɗa masa suna.

Abinda zai riƙe miki daren ma ba tuwon bane, kayan taɓa ka lashe ne da basa lalacewa, dambun nama, kilishi, cincin, soyayyar gyaɗa, dabino, sai shayi mai citta da kanumfari a manyan filas biyu, ɗaya falon maza ɗaya ɗakin mata, don kar a riƙa aiko miki yaro duk minti goma.

Ki roƙi maigida ya kafa doka tun farko cewa sakamakon WhatsApp ba'a karanta shi da ƙarfi sai wanda hukuma ta faɗa. Sannan ki tanadi tabarmi da barguna, domin a Maris ɗin 2023 da aka faɗi sakamakon gwamna a Kano dokar hana fita aka saka, baƙin shayi suna iya zama baƙin kwana. Samarin gidan kuma a karɓe makullan babura a hannunsu tun kafin a sanar.