Kotu ba ta jiran lissafi ya cika ma'auni kullum

Malam, ka tambaya ko kotu kan yi watsi da hujja idan alƙaluma ba su cika ma'aunin kashi 5 cikin 100 ba, wato ma'aunin da masu bincike ke amfani da shi wajen nuna cewa sakamako ba dace kawai ba ne. Ba dole ba ne. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta duba shari'ar kamfanin Matrixx, mai maganin mura Zicam, wanda wasu suka ce ya hana su jin ƙamshi. Kamfanin bai sanar da masu hannun jari ba, wai ƙorafin bai kai yawan da lissafi zai tabbatar ba. Alƙalai tara duka suka ƙi uzurin, don likitoci ma ba sa jiran wannan ma'auni kafin su ɗauki mataki.

Amma fa wannan shari'ar ɓoye bayani ce. A ƙarar diyya an fi tsanantawa: tun hukuncin da Kotun Ƙolin ta yanke a shari'ar Daubert a 1993, alƙalin kotun tarayya ne ke tace hanyar binciken masani kafin a karɓi shaidarsa.