Amsar Yaya Auwal ga Mubarak a kan sababbin dokokin T20

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Mubarak, na saurari saƙonka, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa da wuri ba. Ka ce wai me ya sa mu masu kallon kurket kullum muke ƙorafi a kan sababbin dokokin T20, wato gajeren kurket da kowane ɓangare yake da oba ashirin, kowace oba jifa shida, alhali su ne suka ƙara wa wasan armashi, filaye suna cika, ƙwallo tana ta tashi sama. To ai na gane inda ka dosa, ƙanina. So kake ka ce mun tsufa, duk abin da yake sabo ba ma so. Ka fito fili ka faɗa kawai, ba wanda zai ji haushi.

Bari in fara cire maka wannan. T20 ɗin kansa ai sabon abu ne. A 2003 aka fara shi a Ingila, kuma a lokacin masu son wasan kwana biyar sun zage shi tas, sun ce wasan yara ne. Mu kuwa da shi muka shiga kurket. Duk wanda ya yi karatu a Indiya a cikinmu ya san yadda gari yake komawa in an fara IPL, gasar T20 ta ƙungiyoyin Indiya, ko mai shayi ba ya kallonka sai an gama oba. Saboda haka maganar ƙin sabon abu ba ta taso ba. Akwai dokokin da aka kawo da ni kaina na yaba. Agogon nan na daƙiƙa 60 tsakanin oba da oba, wanda in ka saɓa sau uku a ba abokan karawarka maki biyar, ya yi daidai. Amurka ta sha shi a hannun Indiya a gasar duniya ta 2024, kuma ban ji wani mai hankali ya ce an zalunce su ba. Ɓata lokaci matsala ce ta gaske, an kawo mata magani, shi ke nan. Haka canza ƙwallo bayan oba ta goma a wasan dare saboda raɓa, wanda IPL ta kawo a 2025. Duk wanda ya ga mai murɗa ƙwallo yana ta goge ta da tawul tana zame masa ya san akwai dalili.

Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne Impact Player, dokar sako ɗan canji a tsakiyar wasa. Wannan kam, wallahi.

Ka ga Mubarak, daɗin kurket gaba ɗaya yana cikin cewa mutum goma sha ɗaya kake da su, ba ƙari. Kyaftin zai zauna da koci su yi ta lissafi. In na ɗauki mai bugu na bakwai, masu jifana sun ragu. In na ɗauki mai jifa na shida, da zarar an fitar mini da mutum uku da wuri na shiga uku. Duk wanda ka zaɓa akwai abin da ka bari, kuma abin da ka barin nan shi ne zai zo ya kama ka a oba ta goma sha shida. Wannan tsaka mai wuyar ita ta sa ɗan komai-da-ruwanka yake da tsada, mutumin da zai jefa maka oba huɗu kuma ya zo ya buga maka talatin a ƙarshe. Tun 2023 da IPL ta kawo wannan doka, sai ta ce ba komai, rubuto sunayen mutum biyar a benci, ka sako ɗaya duk lokacin da ka ga dama. Ka gama bugu, ka cire mai bugun da ba ya iya jifa, ka sako mai jifa ya yi obarsa huɗu cif. Kuma an ce sai bayan an jefa kwabo za ka miƙa sunayen 'yan wasanka. To ina lissafin ya tafi? Kamar a dambe ne a ce wanda ya sha turmi ɗaya ya koma gefe ya huta, ƙaninsa ya shigo ya ƙarasa masa, kuma a ce ai duk dambe ne.

Kuma kada ka ce ni kaɗai ne. Rohit Sharma da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa shi dokar ba ta burge shi, ya ce tana danne 'yan komai-da-ruwanka, har ya kira sunan Washington Sundar da Shivam Dube cewa ba sa samun jifa. Kyaftin ɗin Indiya ne fa a lokacin. Virat Kohli ma ya goyi bayansa. Duk da haka hukumar kurket ta Indiya ta ce dokar tana nan har 2027. To ka gani.

Ka ce maki sun ƙaru, wasa ya yi daɗi. E, sun ƙaru. Maki 263 da ƙungiyar RCB ta Bangalo ta yi a 2013, ranar da Chris Gayle ya buga 175 shi kaɗai, sai da ya shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi. Mun riƙa ba da labarinsa. A kakar 2024 kaɗai aka wuce shi sau huɗu. Sunrisers suka yi 277, suka dawo suka yi 287 a Bangalo, Kolkata ta yi 272, Sunrisers suka ƙara 266. Punjab ta bi 262 ta cim masa a Eden Gardens har da sauran ƙwallaye. Yanzu in na tambaye ka wa ya jefa oba ta ƙarshe a ɗaya daga cikin wasannin nan, ba za ka tuna ba. Ni ma ba ya zama mini a kai. Mai buɗe bugu ya san akwai mutum takwas ko tara a bayansa masu iya riƙe sanda, to me zai ji tsoro? In an fitar da shi wani zai zo. Wiket, wato fitar da mai bugu, ta daina tsada, kuma da zarar ta daina tsada, mai jifa ya koma ɗan kawo ƙwallo kawai.

Na san za ka ce ai filayen ƙanana ne, ƙasa kuma a shimfiɗe take, sandunan yanzu sun fi na da kauri. Gaskiya ne, duk suna ciki, ban ce dokar ce kaɗai ba. Amma dubi abin da ya faru bayan 'yan makonni a gasar duniya, inda babu wannan doka. Indiya ta yi 119 kacal a New York, Pakistan ta kasa kamo ta, ta tsaya a 113. Bumrah, mai jifan Indiya, ya ci wiket uku a kan maki 14. Wa ya tashi daga gaban talabijin a ranar? Sannan wasan ƙarshe a Barbados da Afirka ta Kudu, wa ya ceci bugun Indiya da aka fitar musu da mutum uku da wuri? Axar Patel, da 47. Wa ya jefa oba ta ƙarshe? Hardik Pandya. Su biyun duk 'yan komai-da-ruwanka ne, irin waɗanda dokar IPL take cewa ba a buƙatarsu sosai. Indiya ta ci da maki bakwai. In aka shekara biyar yara suna tasowa ba wanda ya matsa musu su koyi abu biyu, daga ina wani Hardik ɗin zai fito?

Abin da ya fi ba ni haushi ma, an taɓa gwada wannan abu. A 2005 ICC, hukumar kurket ta duniya, ta kawo irin wannan ɗan canjin mai suna Supersub a wasan oba hamsin, ko shekara bai cika ba aka watsar, saboda wanda ya ci kwabo shi yake morewa. Ostareliya ma a gasarsu ta Big Bash, kakar 2020, suka zubo uku lokaci guda: X-Factor, Bash Boost da Power Surge. Bash Boost ɗin nan wai a ba ka maki ɗaya a tebur in kana gaba a oba ta goma, ko da daga baya an lallasa ka. Kai jama'a. Kaka biyu aka yi aka binne shi tare da X-Factor, wanda shi ma ɗan canji ne. Power Surge ne ya tsira, kuma shi ba ni da matsala da shi sosai, tunda an rage Powerplay, wato obobin farko da ake taƙaita masu tsaron bakin fili, daga oba shida zuwa huɗu ne aka ba masu bugu zaɓin lokacin da za su ɗauki sauran biyun. Akwai tunani a ciki, za ka iya ɗauka a lokacin da bai dace ba ka yi asarar wiket. Wannan ya ƙara wa kyaftin ciwon kai ne, bai rage masa ba. Su ne kuma suka daina jefa kwabo suka koma wulla sanda sama, amma wannan bar shi, ba ya cutar da kowa.

Gasar The Hundred ta Ingila kuwa, a'a, bari kada in shiga wannan, za mu kwana. Abu ɗaya zan ce. An ce wai ƙirga ƙwallo shida-shida yana rikita sababbin 'yan kallo, shi ya sa a 2021 aka koma biyar-biyar, ƙwallo ɗari. Mutanen da suke gane dokar satar gida a ƙwallon ƙafa su ne ƙirga shida zai gagara? Haba.

Sannan kun san ba zan yi maganar doka ban taɓo 2019 ba. Malam Nasiru na san yana can yana dariya, ya ce ga shi nan zai fara. E, zan fara. Ranar 14 ga Yuli, filin Lord's, wasan ƙarshe na gasar duniya, Ingila da Niyu Zilan. Na san wasan oba hamsin ne, kada wani ya yi saurin gyara mini, amma dokar da ta raba gardamar ai daga T20 aka jawo ta. 241 da 241. Aka je Super Over, wato ƙarin oba ɗaya-ɗaya don raba gardama, 15 da 15. Sai aka ce wai Ingila ta ci kofi saboda ta fi yawan ƙwallayen da suka kai layin bakin fili, 26 da 17. Alhali Ingila duka an fitar da su, Niyu Zilan kuwa mutum takwas ta rasa. Wato wanda ya tara makinsa da gudu tsakanin wiket, wato sandunan da ake kafawa a ƙasa, da zufa, nasa bai kai na wanda ya doka layi daraja ba, ko da jimillar ɗaya ce. Ban ma kawo maganar ƙwallon da ta bugi sandar Stokes na Ingila ta tafi layi aka ba su shida ba, wanda shi alƙalin, Dharmasena, ya yarda daga baya cewa biyar ya kamata. Wannan kuskuren ɗan Adam ne, na yafe. Amma ƙirgen layin nan mutane ne suka zauna a ofis da hankalinsu suka rubuta, don sun ɗauka ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Wata uku bayan nan ICC ta soke shi, ta ce a yi ta maimaita Super Over har sai an samu gwani. To kofin fa, an mayar wa Kane Williamson, kyaftin ɗin Niyu Zilan? Har gobe in na tuna fuskar mutumin nan a wajen ba da kyauta raina ɓaci yake, kuma ni ko hanyar Niyu Zilan ban sani ba.

Kafin Super Over ma ai akwai wanda ya fi shi ban dariya. 2007 a Durban, Indiya da Pakistan sun yi kunnen doki, aka ce a zo a riƙa jifan wiket ba mai bugu a gaba. Sehwag, Harbhajan da Uthappa suka samu, 'yan Pakistan uku duk suka ɓarar. Mun yi ihu a lokacin, ba ƙarya, amma shi ma bai daɗe ba aka jefar.

Ina nake ma? Yawwa, maganar cika fili. Mubarak, filayen Indiya a cike suke tun 2008, kafin a san wani Impact Player. Ba dokar ce ta kawo mutane ba. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wa ya nemi a kawo ta. 'Yan wasa dai ba su nema ba, ka ji abin da manyansu suka ce. Hutun nan na minti biyu da rabi da ake yi sau biyu a kowane zagaye, wai don a tsara dabara, kai ma ka san abin da ake nuna mana a talabijin a lokacin. A Karibiyan ma an yi wata gasa, 6ixty, a 2022, inda 'yan kallo suke kaɗa ƙuri'a a waya su zaɓi ƙwallon da ba za a fitar da mai bugu a kanta ba. Ka ji fa. Wannan in ba don a riƙe mutum a kan wayarsa ba, don me aka yi shi?

Kuma mu nan abin ya shafe mu ta wata fuskar. 'Yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 da suka doke Niyu Zilan a Malesiya a Janairun 2025, da maki biyu suka ci, bayan sun yi 65 kacal a wasan da ruwa ya rage. Jifa da tsaron fili ne suka ci musu wasan. A ƙarƙashin dokar ICC muke wasa, mutum goma sha ɗaya, kuma T20 ɗin da za a buga a Olamfik na 2028 a Los Angeles ICC ce take riƙe da shi. Yaranmu kuwa IPL suke kallo a waya, suna ganin mutum ya buga ya je ya zauna a benci, ko fili bai tsare ba. Koci Ibrahim, kai da kake tare da su ranar Asabar, don Allah duk yaron da ya ce maka shi bugu kawai ya zo yi, ka miƙa masa ƙwallo ya jefa oba biyu tukuna kafin ya taɓa sanda. Mubarak kai ma in kana gari ka biyo mu filin, akwai yaro ɗaya mai jifa da hagu da nake so ka tsaya a gabansa ka ga abin da nake nufi. Sai na ji ku.