Danƙon salatef a jikin liyarin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gāji liyarin azurfa mai ɗauke da shekarar 1780 daga kakata. An taɓa manna shi da salatef a murfin adaka, danƙon ya bushe ya yi ja. In goge da toka da lemon tsami? — Mai karatu daga wani ƙauyen Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah kada ki kusantar da toka, lemon tsami ko man goge baki. Toka tana karce fuskar azurfa, tsami kuma yana cinye duhun tsufan da masu tara tsofaffin kuɗi suke daraja. Abin da aka karce ba ya dawowa.

Ki nemi asiton (ruwan sinadari mai narkar da danƙo) tsantsa wurin masu sayar da sinadarai, ba na goge farce ba, domin wannan yakan zo da mai da turare masu barin dabbare. Ki zuba a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe har ya rufe liyarin. Wata robar narkewa take yi a cikin asiton. Bayan minti 15 ki ɗauko shi ta gefe, ki tsoma a sabon asiton, ki jingine ya sha iska. In danƙon ya ƙi, ki ƙara awa ɗaya, ki mirgina auduga a kansa a hankali, ban da dirzawa.

Asiton yana kama wuta nan take, sai a tsakar gida, nesa da murhu da yara.

In da ƙaro aka manna, ruwan ɗumi mai tsabta ya wadatar.