Amsa ga Hajiya: idonki bai ƙanƙance ba

Hajiya, kin ce shekarunki 45, zare ya daina shiga miki allura, Alƙur'ani ma sai kin miƙa hannu nesa kafin baƙi ya fito, kina tambaya ko ido ƙanƙancewa yake yi da tsufa. Na daɗe ina aikin jinya a sashen ido nan Maradi, kusan kullum sai an yi mana wannan tambayar.

Ƙwayar ido ba ta raguwa. Jariri ana haihuwarsa da ƙwaya mai tsawon milimita 17 ko kusa da haka, ta babba kuma wajen 24 ce, in ta kai nan ta tsaya. Wanda ba ya daina girma shi ne ɗan madubin da ke ciki, bayan baƙin ido. Kamar albasar Galmi yake, sabon ɓawo kan tsoho, kuma tsohon ba ya zubewa har ƙarshen rai. Yana ƙara kauri yana ƙara tauri. Madubin yaro laushi gare shi, yana dunƙulewa yadda yake so, shi ya sa jikanki ke kai salula dab da hanci yana gani tangaran. Daga shekara 40 zuwa 45 taurin ya fi ƙarfin naman da ke sarrafa shi, sai abin kusa ya dushe. Tabarau na karatu ya wadatar, kuma ba ya lalata ido kamar yadda ake faɗa.

Amma don Allah kada ki tsaya ga gwada na kasuwa kawai. Ga inda girman ido ya shigo: mai gajeruwar ƙwaya, in madubin ya yi kauri, wuri na matsewa, hanyar ruwan ido na iya toshewa, ruwan ya danne jijiyar gani. Mata sun fi gamuwa da wannan. Ganin da ya tafi ta nan ba ya dawowa, don haka ki je a auna.

In shekaru suka ƙara ja, madubin nan ne ke yin hazo, ita ce yanar ido. Ciwon suga, taba da zafin rana suna gaggauta ta. Abin da ke ci mini rai shi ne tsofaffin da ake kawo mana daga ƙauye bayan mai gargajiya ya soki idon ya tura madubin ciki. Da yawansu sai dai mu ba su haƙuri. A asibiti cire shi ake yi a sa na roba, galibi washegari mutum ya fara gani.