Tsimin ganye da randar Baba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka gani a waya ana jiƙa ganye da sukari a bokiti har ya yi tsami a ba tumatir, kana tambaya ko mu ma mun yi haka a da, ko kuwa sabon abu ne. Na yi murmushi, amma da na ji ka ce gobe za ka zuba wa shukarka, sai gabana ya faɗi.

Mu da muka tashi a bakin kogin Gongola, kafin a gama madatsar Dadin Kowa a 1984, da jigo muke ban ruwa. Sukari kuwa na shayin baƙo ne. Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar randa mai fasasshen baki a gindin gawo. Sai ya zuba ganyen dogon yaro da tafasa da ciyawar da muka cire har rabi, ya ƙara kashin awaki, ya cika da ruwa, ya rufe da faifai. Kullum da safe a motsa da sanda. Mako biyu zuwa uku, in kumfa ta kwanta, ruwan ya yi duhu, to ya nuna.

Wata shekara da hunturu ya tafi kasuwar Gombe, ya bar ni da dashen tattasai, ban fi shekara 12 ba. Na ga ganyen ya yi rawaya, tausayi ya kama ni, na ɗebo tsimin nan tsurarsa na bi fangali biyu da shi, da rana tsaka. Kafin la'asar ɗin washegari duk sun langaɓe, bakin ganyen ya ƙone kamar an gifta da wuta. Da Baba ya dawo, ya tsuguna ya daɗe yana murza ƙasar da yatsunsa. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Jariri ake dama wa kunu da kauri?" Ya miƙo mini ƙwarya: ɗaya ta tsimi, goma ta ruwa, a zuba a gindi, da yamma. A ranar ya faɗa mini maganar kakanmu, wai ƙasa ciki gare ta, wanda ya ci nata bai mayar mata ba, bashi ya ɗauka.

Ku yanzu kun saba da buhun yuriya, a watsa yau a ga kore jibi, kara da ciyawa kuma ku cinna musu wuta. Fulanin da ke kwana da shanu a gonakinmu bayan girbi su bar mana taki, mu ba su hatsi, wannan zumuncin ma ya yi rauni, kuma abin yana ci mini rai.

Maganar sukari sai ka zo da Sallah. Kafin nan, kada ka yayyafa tsimin a ganyen latas ko alayyahon da za a ci, kuma ka kai bokitin bayan gida saboda wari. Kwana nawa naka ya yi a jiƙe?