An hana mu tafiya gida bayan haihuwa, ko akwai abin da ake ɓoye mana?

Tambaya: Likita, matata ta haihu da kanta lafiya, amma an ce sai gobe za a sallame ta, ga Hajiya tana jira a fara wankan jego. Ko akwai matsala?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai jego ta yi aƙalla awa 24 a asibiti ko da haihuwar ta zo da sauƙi. Wadda aka yi wa tiyata takan yi kwana 3 zuwa 4. Mai hawan jini mai tsanani ko jijjiga ana ci gaba da yi mata allurar hana jijjiga har awa 24 bayan haihuwa. Jariri ma yakan sa a riƙe uwarsa a asibiti: bakwaini, wanda bai kai kilo 2.5 ba, wanda ya ƙi kama nono, ko wanda shawara ta bayyana masa ranar farko.

Amma babban abin da muke gadi shi ne jini. Kullum sai mun ji wata gwaggo ta ce, "A bar shi ya zuba, dattin ciki ne." Wannan magana ta kai mata da yawa kabari. Wurin da mabiyiya ta rabu da mahaifa ciwo ne buɗaɗɗe, matsewar mahaifa ce ke toshe jijiyoyinsa. Idan ta saki, ko guntun mabiyiya ya maƙale, ko mafitsara ta cika ta tokare ta, jini zai kwarara. Rabin lita ya isa a kira shi zubar jini mai haɗari, kuma yawanci a awa 24 na farko yake faruwa. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya take danna ƙasan cibiya: idan ta ji tauri kamar dunƙulen hannu, lafiya, idan taushi ta ji, sai ta murza, a yi allura, a sa ruwa. A gida, cikin dare, wa zai yi wannan? Ruwan zafi da jiƙe-jiƙe ba sa tsayar da jini.

Bayan sallama, idan ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji na fita, ko jiri, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko haki ya taso, ku dawo nan take, kada a jira gari ya waye. Ka lallashi Hajiya, wankan zai iya jira.