Dutsen Arisɗo da Zamanmu a Bakin Kogin Nilu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an koya muku cewa kowane abu yana da mazauninsa na asali, sannan ka tambaye ni ko mu Hausawan Sudan ba kamar dutsen da aka wurga sama muke ba, wanda komai daɗewa sai ya faɗo gida. Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare a yankin Sinnar, don haka bari mu fara da dutsen kansa.

Mai wannan magana shi ne Arisɗo, haka muke kiransa a nan, masanin Girka da aka haifa shekara 384 kafin Annabi Isa, alaihis salam. A wurinsa duk abin da ke ƙarƙashin wata daga tushe huɗu yake: ƙasa, ruwa, iska, wuta. Ƙasa tana neman tsakiyar duniya, ruwa ya kwanta a kanta, iska ta biyo, wuta ta nufi can sama. Faɗowar dutse da tashin harshen wuta su ne motsin ɗabi'a, ba mai tura su, gida suke nema. Idan ka ɗaga dutsen kuwa, ko jaki ya ja amalanke, wannan motsin tilas ne, kuma ya ce ba ya ɗorewa sai mai turawa yana manne da abin da yake turawa.

A nan ya gamu da cikas. Dutse ya riga ya bar hannu, me ke ci gaba da kai shi? Ya ce iskar da hannu ya motsa ce. Na sha fita da ɗalibai bakin fili, in ba yaro ƙwallon goruba ya jefa, in sa wani ya yi ta fifita da faifai a bayan wani ƙwallon da ke ajiye. Ko gezau. Kusan irin wannan hujjar wani masani, Yahya Nahwi, ya kawo a Iskandariyya a ƙarni na 6, ya ce hannu ne ke zuba wani ƙarfi a cikin dutsen. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kira abin mail, wato karkata, ya ce da babu abin da ke tare ta, ba za ta mutu don kanta ba.

To, mu dai an tura mu, wannan ba gardama. Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kuma aikin Hajji ya fito da su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira, yankin noma da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kakata tana cikin na biyun. Har ta tsufa idan aka tambaye ta garinsu sai ta ce, muna kan hanya. Akwai wani ƙunshi da take ajiyewa a ƙarƙashin gado, da likkafaninta da ɗan garin kuka a tsumma. Amma ita ce ta dasa darbejiyar ƙofar gidanmu, ita ke ba ta ruwa kullum da yamma.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne Arisɗo da kansa ya raba dutse da mutum. A maganarsa kan tarbiyya ya ce ko sau dubu goma ka jefa dutse sama ba zai saba da hawa ba, amma halin ɗan Adam da sabo yake kafuwa. Shi ma ɗin baƙo ne a Atina, daga Istagira ya zo, ya yi shekaru yana karantarwa a garin da doka ba ta ba shi damar mallakar fili ba. Duk sanda aka kira ni Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a nan, da wata irin murya, ko na tuna rikicin fili na 2022 a jihar Shuɗin Nilu da aka kashe mana mutane, sai in tuna da shi.

Ku kuma daga can ƙasar Hausa kuna cewa Hausarmu ta gurɓace da Larabci. Gaskiya ne jikokina sun fi sakewa da Larabci, kuma kisra, wato siririyar gurasar dawa ta nan, muke ci fiye da tuwo. Amma je ka kowace kasuwa ka tambayi wa ke gasa agashe. Ka zo ranar suna ka ji yadda tsofaffi ke gaisawa, har da kalmomin da ku kuka yar tuntuni.

Maganar aure ita ce mai zafi. Da 'yata ta kawo ɗan wata ƙabila ta nan, gwaggonta ta yi wata biyu ba ta taka gidana ba, danginsa ma sai da suka ja ƙafa, don a idonsu mu baƙi ne har gobe. Na ba shi, domin na ga addininsa da halinsa. Ɗansu na fari sunan mahaifina ya ci. Uban na kiransa da Larabci, uwar da Hausa, yana amsa wa kowa. Gwaggon nan da ta yi fushi ita ke goya shi yanzu, tana yi masa irin tawai da waƙar da kakata ta yi mana.

Ka gaida mini mahaifinka. Ka ce masa idan an samu mai zuwa ya aiko mini da daddawa, don ta nan ba ta kai taku ƙamshi ba.